Daga Daji Zuwa Kanun Labarai: Tsokaci a Kan Kalmar "Bandit" da Rigar da Hausa Ta Ɗinka Mata

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kama labaran safe a rediyo, ko ya saba tsayawa gaban teburin mai sayar da jaridu a Wuse ko Gwagwalada yana duba kanu, ya san cewa akwai wata kalmar Ingilishi wadda a cikin shekaru goma da 'yan kai da suka wuce ta zama gishirin miyar aikin jarida a ƙasar nan. Kalmar ita ce "bandit", jam'inta kuwa "bandits". Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a buga ta a shafin farko na wata jarida ba, kuma da wuya a buga ta ba tare da adadin rayukan da suka salwanta ko mutanen da aka kora daji ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan kalma tun daga tushenta, ta dubi irin dakon da ake ɗora mata a jaridun Ingilishi, sannan ta daɗe a kan abin da ya fi shafarmu, wato rigar da 'yan jaridar Hausa suka ɗinka mata, da kuma abin da rigar ta rufe.

Mai karatu yana iya cewa, me ya kawo zancen jarida cikin mujallar da aka tanada domin waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo? Amsarmu ita ce, babu wani zube na Hausa da ke shiga kunnen jama'a a kullum kamar labaran rediyo, kuma babu marubucin da ake karantawa kamar mai tsara kanu. Littafin da ya yi kasuwa sai ya shekara bai kai ga yawan mutanen da labaran safiya ɗaya ke isa gare su ba. Idan har mai nazarin adabi zai kwana yana auna dalilin da ya sa Aƙilu Aliyu ya ɗauki wata kalma ya bar 'yar'uwarta, to bai kamata ya kau da kai daga sunan da ake kiran mai kisa da shi a gaban waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa ba.

Asalin kalmar da yadda ta iso mu

Ita kanta Ingilishi aro ta yi. A ƙarshen ƙarni na 16 ta ɗauko kalmar daga harshen Italiya, inda "bandito" ke nufin mutumin da hukuma ta yi shelar korarsa, ta cire masa rigar kariyar doka. Ke nan tun asali sunan yana bayyana matsayin mutum ne a wajen hukuma, kafin ya bayyana sana'arsa. Daga baya ma'anar ta zauna a kan ɗan fashin da ke fakewa a duwatsu ko dazuzzuka tare da ƙungiyarsa, yana tare matafiya. A adabin Turai kuwa kalmar ta samu wani ƙamshi na jarumtaka. Labarin Robin Hood na Ingila, mai ƙwace na mai kuɗi ya bai wa talaka, shi ne sananne. Masanin tarihin nan Eric Hobsbawm ya rubuta littafi guda mai suna Bandits a 1969, inda ya yi bayanin irin ɗan fashin da hukuma ke nema ruwa a jallo, amma manoman yankinsa suke ɗaukarsa gwarzo. An yi ta sukar wannan ra'ayi nasa, musamman a kan cewa ya dogara da waƙoƙi da almara fiye da shaidar waɗanda aka yi wa fashin. Abin da muke so a riƙe a nan shi ne, kalmar ba ta taɓa rabuwa da wannan ƙamshi ba.

A Nijeriya jaridun Ingilishi sun daɗe suna amfani da ita. Bayan yaƙin basasa, lokacin da fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta kafa dokar 1970 wadda ta tanadi hukuncin kisa, sukan kira irin su Oyenusi, wanda aka harbe a bakin teku a Legas a 1971, da Lawrence Anini, wanda ya addabi Benin aka harbe shi a 1987, da wannan suna. A wancan zamani babu wata wahala wajen fassara. Bahaushe ya ce 'yan fashi, ko 'yan fashi da makami, kowa kuma ya gane: mutane ne 'yan ƙalilan da ke tare hanya ko su fasa gida, su kwashi dukiya su gudu.

Wahalar ta faro ne daga wajajen 2011, lokacin da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai a Zamfara suka fara rikiɗa suna zama wani abu dabam. Abin ya girma, ya bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da Kebbi, har ya tsallaka zuwa jihar Maraɗi, amma sunan yana nan inda yake. Da wannan kalma aka kira waɗanda suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Da ita aka kira waɗanda suka kwashi 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Da ita aka kira waɗanda suka harbo jirgin yaƙin sojojin sama a Zamfara a Yulin wannan shekara. Kalmar da aka yanka wa Anini da tsirarun yaransa, ita aka miƙa har ta rufe runduna mai babura ɗaruruwa, mai sa wa ƙauyuka tara, mai hana noma sai da izininta. Wannan laifin jaridun Ingilishi ne, kuma masu nazarin wancan harshe sun fi mu cancantar su tuhume su. Namu kason yana gaba.

'Yan bindiga

Idan muka ɗauki Aminiya ko Leadership Hausa, waɗanda duk a nan Abuja ake tsara su, ko muka saurari Sashen Hausa na BBC da sauran gidajen rediyo, za mu tarar cewa sunan da ya fi yawo a madadin "bandits" shi ne 'yan bindiga. Irin kanun da muka saba gani ke nan: 'yan bindiga sun kashe mutum kaza a ƙauye kaza, 'yan bindiga sun sace matafiya, an yi sulhu da 'yan bindiga.

Bari mu fara da ginin kalmar. Hausa tana da hanya mai sauƙi ta raɗa wa rukunin mutane suna, wato ta haɗa ɗan ko 'yan da wani suna. Wani lokaci sunan na aikin da suke yi ne, kamar 'yan fashi, 'yan dambe, 'yan tawaye. Wani lokaci na wurin da suke ne, kamar 'yan kasuwa, 'yan tasha. Wani lokaci kuma na kayan da suke riƙe da shi ne, kamar 'yan baka, 'yan kwalkwali, 'yan sanda. To 'yan bindiga cikin wannan rukuni na uku yake. Sunan ya gaya mana abin da ke rataye a kafaɗar mutum, amma ya yi shiru a kan abin da mutumin ya aikata da shi. Babu zargi a cikinsa, babu hukunci. Soja ma ɗan bindiga ne a wannan ma'ana, haka maharbi, haka ɗan sa-kai. Wani abin takaici, ko abin dariya ga mai ƙarfin hali, shi ne yadda harshen ya raba makamai tsakanin ɓangarorin biyu: mai tsaron doka ɗan sanda, mai karya ta ɗan bindiga. Mutumin ƙauye da ke jin waɗannan sunaye biyu a jimla ɗaya ba ya buƙatar mai sharhi ya gaya masa wanda zai rinjayi wani.

Sa'an nan sunan yana da tsohon gida, kuma gidan mutunci ne. A masarautun ƙasar Hausa 'yan bindiga mutanen sarki ne. A ƙarni na 19 su ne rukunin mayaƙan da ke riƙe da bindigogin fada, har akwai sarautar Sarkin Bindiga. Yau ma duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan bindiga cikin ayari, suna ɗura albarushi suna sakin wuta sama domin a san sarki ya fito. Yaron da ya tashi a birni kafin wannan fitina, in ya ji an ce ga 'yan bindiga nan, da gudu yake fita kallo. Wannan suna ne muka cire daga wuyan dogarawan biki muka rataya wa masu ƙone rumbuna. A gefe guda, kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, kuma wasu masana suna danganta ta da sunan da Larabawa ke kiran birnin Banis na Italiya da shi. In haka ne, to "bandit" da bindiga duk daga ƙasa ɗaya suka taso, suka bi hanyoyi dabam-dabam, suka zo suka haɗu a dajin Rugu.

Matsala ta uku ta fi waɗannan muni a aikace. Ingilishin jarida yana da wata kalma dabam, "gunmen", wadda ake amfani da ita idan ba a san ko su wane ne suka yi harbi ba. Ita ce ainihin takwarar 'yan bindiga, kuma a matsayin fassararta sunan ya shiga labarai. Da "bandits" ta yi yawa sai aka tura ta cikin wannan ɗaki, aka rufe su biyu. Sakamakon haka, mai sauraron Hausa yana jin suna ɗaya ga masu kai wa ofisoshin 'yan sanda hari a Imo da Anambra, da masu kisa a ƙauyukan Filato da Binuwai, da mutumin da ya buɗe wuta a wata makaranta a Amurka, da kuma yaran Bello Turji a gabashin Sakkwato. Waɗannan fitinu huɗu ne, kowace da tushenta da masu hura wutarta. Mai karanta Ingilishi yana da ɗan abin da zai bambance su da shi, ko da gurgu ne. Mai sauraron Hausa, wanda shi ne abin ya fi ci a jika, an ba shi ƙwarya ɗaya an ce ya auna duka.

Yadda kalma ke zuwa Abuja ta komo

A ganinmu ba ragwanci ne kaɗai ya jawo wannan ba, yanayin aikin ne. Mu bi labari ɗaya tun daga inda ya faru. An shiga wani ƙauye da dare. Da safe wanda ya tsira ya samu waya ya yi magana da wakilin jarida ko ya kai rahoto ofishin 'yan sanda. Da Hausa zai yi magana, kuma a mafi yawan lokuta abin da zai ce shi ne ɓarayi sun shigo mana, ko ɓarayin daji. Jami'in hulɗa da jama'a na rundunar 'yan sanda zai rubuta sanarwa da Ingilishi, ya sa "bandits". Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wanda hedikwatarsa ke nan Abuja, zai rarraba labarin da Ingilishi. Haka hedikwatar tsaro take bayar da bayananta. Daga nan takardar ta faɗo teburin mai fassara, agogo yana bin sa, saura minti kaɗan a shiga ɗakin watsa labarai. Ya ga "bandits", hannunsa ya rubuta 'yan bindiga tun kafin ƙwaƙwalwarsa ta yi shawara. Da yamma mutumin da ya ce ɓarayi zai kunna rediyonsa ya ji an mayar masa da maganarsa, amma an wanke ta. Ya aika da tuhuma, an dawo masa da siffa.

Ɓarawo kalma ce mai nauyi a Hausa. Zagi ce, kuma hukunci ce. Ba a kiran mutum da ita a gaban 'ya'yansa ya kwana lafiya. Wanda ya ce ɓarayi ya riga ya tuɓe wa mutanen duk wata rigar girma. Gaskiya ne akwai wuraren da tsoro ya sa mutane suka koma cewa mutanen daji, ko yaran daji, ko ma mutanen nan kawai, domin ba a san wanda ke saurare ba, ga shi kalmar infoma ta shiga bakin kowa. Wannan tsohuwar ɗabi'ar Bahaushe ce ta sakaya sunan abin da yake tsoro, kamar yadda yake ce wa maciji igiyar ƙasa da dare, ya ce wa aljannu mutanen ɓoye. Amma wanda ke kwana a bakin daji yana da uzurin sakayawa. Wanda ke zaune a ofis a Utako ko Garki, mene ne nasa uzurin?

Ranar da kotu ta ɗauki siffa ta mai da ita suna

Abin da ya faru a ƙarshen 2021 ya isa ya nuna cewa wannan magana ba wasan malaman harshe ba ce. A watan Satumba na shekarar Majalisar Dattawa ta nemi Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana waɗannan mutane a matsayin 'yan ta'adda. Jaridu sun yi ta kawo rahoton cewa jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da aka sayo daga Amurka, an sayar da su ne bisa sharaɗin a yi amfani da su a kan 'yan ta'adda, saboda haka sunan da aka kira mutum da shi yana iya yanke ko jirgi zai tashi a kansa ko ba zai tashi ba. Ranar 2 ga Nuwamba aka shiga rukunin gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja da ke Giri aka tafi da mutum shida, abin da ya nuna wa mazauna babban birni cewa labarin ya bar shafin jarida ya iso unguwa. A ƙarshen wannan wata Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta amince da roƙon gwamnati, kuma a farkon Janairun 2022 ofishin Ministan Shari'a Abubakar Malami ya fitar da umurnin a jaridar hukuma.

To amma doka ba ta haramta siffa, ƙungiya take haramtawa, kuma ƙungiya sai da suna. Da lauyoyin gwamnati suka nemi sunan da za su rubuta, sai suka ɗauko kalmomin Hausa guda biyu suka dasa su cikin takardar Ingilishi da manyan baƙaƙe: ƙungiyar Yan Bindiga da ƙungiyar Yan Ta'adda, da sauran makamantansu. Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san babu wata ƙungiya mai shugaba da tuta da ta taɓa kiran kanta da ɗayan waɗannan. Kalmomin labaran rediyo ne. Abin da mai fassara ya rubuta cikin gaggawa, shi ne ya zagayo ya zama sunan yanka a gaban alƙali. Mai fassarar da takardar ta komo hannunsa kuwa sai ya samu kansa cikin tsaka mai wuya, domin in zai bi ta sau da ƙafa, cewa zai yi kotu ta ayyana 'yan ta'adda a matsayin 'yan ta'adda. Kwatanta wannan da hukuncin da wannan kotu ta yanke a Janairun 2025 a kan Lakurawa, inda aƙalla akwai rukunin mutane sanannu da jama'ar yankin Sakkwato da Kebbi suke kira da wannan suna.

Kuma umurnin bai sauya bakin jarida ba sai kaɗan. Wasu jaridun Ingilishi sun koma cewa "terrorists", wasu suka ci gaba da tsohuwar kalmarsu, wasu suna haɗa biyun a labari ɗaya. A Hausa 'yan bindiga ya ci gaba da mulkinsa. Da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe fasinjoji aka tafi da wasu da dama, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, da wannan suna aka fara ba da labarin. Sai daga baya hukumomi da masu bincike suka nuna cewa akwai hannun masu iƙirarin jihadi a ciki, waɗanda buƙatunsu suka haɗa da a sako musu mutanensu da ke tsare. Faffaɗan suna ya ɓoye wannan bambanci a daidai lokacin da iyalan fasinjojin suka fi buƙatar su san hannun wa 'yan'uwansu suke.

Kirarin da ba a yi niyya ba

Akwai wani ɓangare da ya fi kusa da fagenmu na adabi, shi ne kalmomin da ke rakiyar sunan. Ingilishi yakan ce wane "notorious" ne, wato ya yi ƙaurin suna. Sau nawa muka ji an fassara wannan da shahararren ɗan bindiga, ko gawurtaccen ɗan bindiga? Shahara ta malamai ce da mawaƙa da attajirai. Gawurta ta 'yan kokawa ce da manyan manoma. Ƙasurgumi da riƙaƙƙe sun fi dama, don suna ɗauke da ƙyama, amma su ma in aka yi ta jera su gaban sunan mutum ɗaya kullum, sai su zama taken da yake jin daɗinsa. Ƙasar da ta san kirari ta san cewa ba lalle ne kalmar yabo ta zama mai daɗi ba. Ana yi wa namiji kirari da mugunta da ban tsoro, ya ji kansa ya kumbura. Muna da al'adar waƙar ɓarayi, wadda aka san Gambo da ita, kuma Kassu Zurmi, mutumin Zamfara, ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi waƙa. Wato abin da Hobsbawm ya je nema a Turai da Kudancin Amurka muna da irinsa a gida, kuma kunnen da ya saba da shi a shirye yake ya ji kanun labarai a matsayin amshi.

Haka nan sauran kalmomin. Idan aka ce sun ɗora wa manoma haraji, an ba su abin da sarki da gwamnati kaɗai ke da shi. Idan aka ce an yi sulhu da su, kamar yadda gwamnatocin Katsina da Zamfara suka gwada a 2019, an zaunar da su a tabarma ɗaya da hukuma, don sulhu tsakanin tsara biyu ake yin sa. Idan aka ce tubabbun 'yan bindiga, an ba su shaidar da malamai ma ke taka-tsantsan kafin su ba mutum. Ba muna cewa a daina faɗin abin da ya faru ba ne. In suna karɓar kuɗi kafin a yi girbi, tilas a faɗa. Amma tsakanin haraji da kuɗin tilas akwai tazara, kuma mai rubutu ne ke zaɓa. Da Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a Yulin 2022, ƙasa ta ɗauka da salati har gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin. Mu dai mun ga rawani ne ya bi inda kalmomi suka riga suka share hanya.

A nan dole mu yi hattara, domin hukuma ma tana da irin wannan ƙorafi, amma da wata manufa. A Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shirin bincike da ta yi a kan wannan fitina, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna makamancinsa na BBC, bisa zargin suna kambama masu laifi. Ba ma tare da wannan. Waɗannan shirye-shirye sun nuna wa jama'a fuskokin mutanen da dalilansu da ɓarnarsu, wato sun yi kishiyar abin da muke kuka da shi. Kukanmu a kan sunan da ke rufe fuska ne, tarar kuwa an ci ta ne a kan waɗanda suka buɗe ta.

To da wane suna za a kira su?

Wasu kafofi sun lura da giɓin, suka koma cewa 'yan fashin daji. Wannan ya fi, domin ya dawo da aikin cikin sunan, ya kuma raba su da masu harbin Imo. Sai dai fashi ƙwace ne a gudu, bai ɗauki zama a mallaki ƙauye ba. Daji kuma yana kwantar wa ɗan birni hankali fiye da kima, alhali mutanen Bwari da suka ga abin da ya faru a unguwanninsu a Janairun 2024 sun san dajin ya iso bakin ƙofa. 'Yan ta'adda yana da goyon bayan doka kuma yana da nauyin da ya dace da ɓarnar, amma kunnen Bahaushe ya riga ya ɗaure shi da Boko Haram, kuma yana iya sa a manta da tushen rikicin: burtalin da aka nome, shanun da aka sace, zaluncin alƙalai da jami'an tsaro da makiyaya suka daɗe suna kuka da shi, kisan gillar 'yan sa-kai, da haƙar zinariya. Mafi haɗari shi ne a maye gurbin sunan da na ƙabila. Da yawa daga cikin mutanen dajin Fulani ne, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fara raba su da dukiyarsu, kuma masu kai musu man fetur da burodi da labari daga cikin gari, wato ɓarayin zaune, daga kowane gida suke.

Akwai tsohuwar kalma da muke ganin an yi sakaci da ita, wato mahara. Hari shi ne a taso da runduna a auka wa gari ba zato, a kashe, a ƙone, a kori mutane da dabbobi a tafi da su domin a sayar ko a karɓi fansa. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, ya san wannan duniya: harin da sarki ke aikawa ƙasar Gwari a kamo bayi, yaron da aka sace aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara. Labarin ma daga wani gari mai suna Kagara ya faro, sunan da ya dawo kanun jaridu a Fabrairun 2021 da aka kwashi ɗaliban makarantar Kagara ta jihar Neja. Kalmomin da muke amfani da su yau, fansa da garkuwa, daga wancan zamani muka gaje su. Mahara ya faɗi aikin, bai yi kirari ba, bai ambaci ƙabila ba, kuma ya tuna mana cewa ƙasar nan ta taɓa ganin lokacin da mutum ya zama haja. Wani zai ce ai hari a da sarakuna ne ke aika shi, saboda haka kalmar tana da nata rawanin. Mun yarda. Mun kuma san cewa mai ƙarfi ne ke raba irin waɗannan sunaye: da Turawa suka auka wa tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, a 1902, daga cikin hujjojinsu akwai cewa mutanenta suna tare hanyoyin fatake, alhali su mutanen Abuja suna ganin kansu magadan sarautar Zazzau ne masu kare ƙasarsu. Babu kalmar da ba ta da tabo. Amma tabon mahara na tarihinmu ne, muna iya karanta shi.

Duk da haka ba muna neman a tumɓuke kalma ɗaya a dasa wata ta ci gaba da yin dakon kowa ba. Abin da ya fi shi ne kowane labari ya kira mutane da abin da suka yi a cikinsa. Waɗanda suka kori shanu ɓarayin shanu ne. Waɗanda suka ɗauki mutane masu satar mutane ne. Waɗanda suka auka wa gari mahara ne. In an san yaran wane ne, a faɗi sunan ubangidansu ba tare da take ba. 'Yan bindiga kuwa a mayar da shi inda ya fito, wato inda ba a san kome game da mutanen ba sai harbin da aka ji.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a tarihin Hausa. Tun daga 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam da abokan aikinsa suke ɗaukar baƙuwar kalma su juya ta har ta zauna a bakin mutane. An kafa Hukumar Hausa a 1955 domin daidaita irin wannan. A 1990 aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma McIntyre da Meyer-Bahlburg suka fitar da nasu littafin a kan Hausar kafofin watsa labarai. Dukansu sun riga wannan fitina, kuma ga shi manyan ɗakunan labarai na Hausa suna nan cikin gari ɗaya da mu, tafiyar da ba ta wuce ta motar haya ɗaya ko biyu ba.

Kafin a kai ga zama da editoci, akwai abin da ɗalibanmu za su iya farawa da shi ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Su ɗauki mako guda suna sauraron labaran safe da na yamma, da littafi a hannu. Duk inda aka sako muryar wanda abin ya faru a kan idonsa, su rubuta kalmar da ya kira mutanen da ita a hagu. Idan mai karanta labarai ya karɓa, su rubuta tasa a dama. Su kuma lura da garin da mai shaidar yake, da ko an sakaya sunansa ko an faɗa, domin kalmar mutumin da ya yi gudun hijira zuwa Gusau ba lalle ta zama ɗaya da ta wanda zai koma ya kwana a ƙauyen a daren ba.